Apisalome Mai Lali da Tabarsa ta Lahadi

A Naivibuli, can saman kogin Sigatoka inda kwari ya matse tsakanin tuddai, har yau in tsofaffi za su auna lokaci sai ka ji sun ce, "Saura tabar Apisalome guda." Rogo bai gama nuna a ramin gashi ba? Saura tabar Apisalome guda. Ruwan sama ya tsare mutum a gona? Ya jira tabar Apisalome guda, zai ɗauke. Yaran yanzu ma suna faɗa, ba su san mai tabar ba.

Apisalome shi ne mai kaɗa lali, wato kututturen nan da aka rarake cikinsa kamar kwalekwale, wanda yake kwance a 'yar rumfa gefen majami'a. Ubansa ya kaɗa shi, kakansa ma haka, sandunan biyu har sun yi santsi sun ɗauki siffar tafin hannun gidansu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingishi tun da wata godiya ta kayar da shi a mashigin kogi yana saurayi. Bai taɓa hawa wurin wa'azi ba, bai iya ba. Waƙa kuwa, in ya ɗaga murya a sujada sai ka ga mata sun sunkuyar da kai suna cizon leɓe. Shi da kansa yakan ce Ubangiji ya raba wa mutane baiwa, da aka zo kansa sai aka tarar bakin ya ƙare, saura hannu.

Ran Lahadi lali sau biyu ake kaɗawa. Na farko yana cewa kowa ya ajiye abin da yake yi: a rufe ramin gashi, a gangara kogi a yi wanka, mutanen ƙetare su naɗe zannuwansu a ka su shiga ruwa. Na biyu yana cewa a shigo. A wancan zamanin agogo ɗaya ne a ƙauyen, na malamin makaranta, shi kuma Lahadi yakan tafi garinsu da abinsa. To, abin da ke tsakanin kiɗan farko da na biyu, tabar Apisalome ce.

Taba kuwa tasa ce tun daga iri. Yana da 'yar gona a gaɓar kogi inda ambaliya take barin laka mai laushi. Ya shuka, ya karye kan tsiron don ganyen ya yi faɗi, ya rataye a jinka har ya yi launin zuma, ya zare jijiyar, ya tufka kamar igiya, ya naɗe kamar gammo. Ranakun aiki sai ya yanki kaɗan, ya ɗumama a garwashi, ya naɗe a busasshen ganyen ayaba, siririya, zuƙa kaɗan ta ƙare. Wannan ita ce suluka, kowa yana shan irinta. Amma ta Lahadi daban take, kuma ba shi yake naɗa ta ba.

Matarsa Makelesi ce mai naɗin. 'Yar ƙetaren kogi ce, ƙanwar Isikeli da ke zaune nan cikin ƙauye, wanda da ma taubashin Apisalome ne, irin wanda muke kira tavale, wanda in bai tsokane ka ba to ba shi da lafiya. Makelesi ba ta taɓa sa taba a bakinta ba, amma hancinta da yatsunta sun fi na mijin sanin ganye. Duk Asabar da la'asar sai ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, ta zaɓi ganye mafi kyau wanda tsutsa ba ta huda ba, ta ɗan yayyafa masa ruwa, ta jera na ciki, ta murza a cinyarta a hankali har ya fito sumul, kaurin babban yatsa, tsawon tafin hannu. Ba ganyen ayaba, taba ce ciki, taba ce waje. Sai ta sa a gwangwanin biskit tare da ɓawon lemun tsami, ta rufe.

"Baban Torika," takan ce, don da sunan 'yarsu take kiransa, "ga matarka ta biyu nan, na yi mata kwalliya."

"Wannan ba ta yi mini faɗa," in ji shi.

"Ai shi ya sa take ƙonewa. Da tana da baki da ta tsira."

Da safiyar Lahadi ya ɗaura baƙin zanensa, ya sa farar riga, ya kaɗa lalin farko. Daga nan ya zauna a kan wani dutse ƙarƙashin mangwaron da ke bayan rumfar, ya kunna da garwashin da ya taho da shi a ɓawon kwakwa. Zuƙar farko ba ya busarwa da sauri. Sai ya riƙe a baki, ya lumshe ido, ya ji ɗanɗanon laka da rana da lemun tsami, sannan ya saki. Wanda ya wuce a lokacin, gaisuwa ɗaya ce, ba a tsayawa hira. Mutane sun ɗauka jin daɗinsa kawai yake yi, kuma ba su yi ƙarya ba, daɗin yana ji har cikin ƙashinsa. Abin da ba su sani ba shi ne sauran.

Daga kan dutsen nan ana ganin gidajen ƙauyen duka, a jere sun kewaye filin ciyawa. Apisalome yakan fara daga gidan mai gari. Ya zuƙa, ya dubi gidan, ya ambaci mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah, da mai ciwon gwiwa, da mai ciki, da wanda ya tafi yankan rake bai aiko da labari ba. Ya busa, ya koma gida na gaba. Ba doguwar addu'a yake yi ba, don bai iya ba. "Ubangiji, ga Venina. Ka san halinta." Shi ke nan. Haka zai bi ƙauyen gida-gida, toka tana tsawo tana faɗuwa, har wuta ta fara lasar yatsunsa. A lokacin ya iso gidan fasto, daga shi sai nasa gidan. Ya ce, "Ga Makelesi, na gode," ya murje guntun a jikin dutse, ya tashi ya kaɗa na biyu. Kuma kullum sai a tarar na ƙarshen masu ƙetarowa yana matse bakin zanensa a ƙofar majami'a.

Haka aka yi ta yi, Torika ta girma ta yi aure a garin Nadi, fastoci suka zo suka tafi, guguwa ta ɗauke rufin majami'a aka mayar. Sai wata damina Makelesi ta kwanta, ba ta tashi ba. Ranar da aka binne ta shi ya kaɗa lalin mutuwa da hannunsa, ɗaya-ɗaya, a hankali, bai yarda wani ya karɓe shi ba.

Asabar ta zagayo, ya zauna a bakin ƙofa inda take zama, ya gwada naɗin. Abin da ya fito ya fi kama da doyar da ta haɗu da dutse. Isikeli ya zo wucewa ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Tavale, wannan sha za ka yi ko jifan kare?"

"Zo ka tsaya can in gwada."

Sannu a hankali hannun ya koya. Bai taɓa kai nata kyau ba, amma tsawon cin wutarta ya zo daidai. Sunanta kuwa bai cire daga ƙarshen jerin ba. Ya san ba ta bukatar roƙonsa yanzu, tana inda ya fi. Godiyar ce bai gama ba.

Ana nan sai aka turo sabon fasto, Talatala Nemani, don haka muke kiran fastocinmu. Saurayi ne dogo, ɗan tsibiran gabas, mutumin teku wanda bai taɓa hawa doki ba sai da ya zo mana. Ba mai girman kai ba ne. Yakan tuɓe riga ya shiga aikin gayya, yakan zauna da marasa lafiya har su yi barci, kuma tun ranar farko ya kira Apisalome Tukai, wato kaka, yana sunkuyawa in zai wuce gabansa. Apisalome ya so shi. Wannan ne ma ya sa abin ya yi wuya.

Wata ranar Laraba bayan sujadar yamma, Talatala ya tsayar da dattawa. Ya ce babban taron ikilisiya ya yanke shawara: duk mai riƙe da wani aiki a gidan Allah, mai wa'azi ne, mai koyar da yara ne, mai kaɗa lali ne, sai ya bar taba. Wanda ba ya riƙe da aiki, tsakaninsa da Ubangijinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce jikin mutum haikali ne, ya kuma ce shi ya ga abin da idonsa, don ubansa tari ya ci shi har ya koma kamar sanda, yana tofar da jini a ƙoƙo, yana kuma neman a kunna masa.

Ba wanda ya dubi Apisalome, wanda hakan ya fi kallon ciwo. Da aka fito Isikeli ya jera da shi.

"To, tavale, gaba kura baya sayaki. Wacce za ka saka, ta katako ko ta ganye?"

"Kai dai ba ka da aiki a coci sai minshari, ba abin da ya shafe ka."

"Ai shi ya sa na ƙi muƙami. Na hango wannan rana tun ina yaro."

Apisalome bai yi dariya ba. Ya je gida ya daɗe yana duban sandunan da suke rataye a bango. Ubansa ya miƙa masa su yana kan tabarmar mutuwa. Taura biyu ba ta taunuwa, ya sani. Washegari ya ɗauki gammon tabar da gwangwanin biskit ya tura can cikin jinka inda sai da tsani, ya je ya gaya wa Talatala ya bari. Talatala ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa ya cika da murna.

Lahadin farko ya kaɗa na ɗaya, ya zauna a kan dutsen. Hannu ba abin riƙewa, baki ba abin yi. Ya ɗora hannu a gwiwa, ya sauke. Ya tsinki ciyawa ya tauna, ya tofar. Ya dubi gidan mai gari, ya fara ambato, sai tunaninsa ya tsallaka kan shingen gonarsa da shanu suka karya. Ya ji kamar ya shekara a zaune. Lalle lokaci ya yi, in ma bai wuce ba. Ya tashi ya kaɗa na biyu.

Kai, ranar an ga abin kallo. Mata suka ɓullo daga kogi da gudu, ruwa yana ɗiga daga gashinsu, wata tana jan yaro tsirara. Mutanen ƙetare kiɗan ya same su a tsakiyar ruwa da kaya a ka. Talatala da kansa ya fito yana saka maɓallin riga a ramin da ba nasa ba. Isikeli ya shigo ana tsakiyar waƙar farko, kumfar sabulu a bayan kunnensa, ya zauna kusa da Apisalome ya raɗa masa:

"Allah ya isa tsakanina da kai. Rabin jikina ne ya zo sujada, ɗaya rabin bai yi wanka ba."

"Da ma can haka kake zuwa."

Lahadi ta biyu ya ce ba za a maimaita ba, ya daure ya zauna. Ya zauna har jama'a suka taru a fili cikin fararen kaya suna fifita da mafici, rana ta take, yara suka fara kuka, gwazar mutane ta ƙone a rami. Sai da mai gari ya yi gyaran murya sau da yawa sannan ya farga.

Talatala bai yi fushi ba. Ran Litinin ya zo har gida, ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura wa tsohon. Ya nuna masa: in dogon hannun yana nan ka kaɗa na farko, in ya gangaro nan ka kaɗa na biyu. Daga ranar kuwa lali bai sake kuskure ba. Mutane suka yaba, aka manta da kumfar sabulu, sai Isikeli da ba ya mantuwa. Tarin safe da Apisalome yake yi ma ya ragu, ya kuma fara jin ƙanshin abinci tun daga gidan maƙwabta. Duk wanda ya gan shi sai ya ce ya yi kyau.

Shi kaɗai ya san abin da ya ɓace. Yana zama a kan dutsen, ya dubi gidan mai gari, ya ce, "Ubangiji, ga," sai ido ya zame kan agogo. Ya dawo, ya kai gida na uku, ido ya sake zamewa. Ɗan hannun nan mai tsalle ba ya barin mutum ya zauna cikin ransa. Ya juya fuskar agogon ƙasa, sai tsoron makara ya hana shi sakat. Ya gwada yin jerin da asuba kafin ya tashi, barci ya sace shi. Ya gwada a gona, sai ya tsinci kansa yana zagin tsutsa. Ya ɗebi 'ya'yan masara a aljihu, gida ɗaya ƙwaya ɗaya, abin ya koma kamar ƙirgen kaji. Makonni suka wuce bai taɓa kaiwa rabin ƙauyen ba, balle ya iso ƙarshe inda Makelesi take.

Abin da ya karya shi ƙarami ne. Wata Lahadi Venina ta zo wucewa, tsohuwar da ɗanta ya shiga jirgin kamun kifi tun bara ba labari. Ta gaishe shi, ta ce, "Apisalome, ba a dai ji komai ba." Ta wuce tana jan ƙafa. Gidanta yana can ɓangaren da ba ya kaiwa. Sai ya tuna tun ranar da ya rataye tabar, sunan yaron nan bai fito daga bakinsa a gaban Allah ba. Ya san Ubangiji ba ya jiran tunin wani tsoho mai ɗingishi. Amma ya ji kamar wanda aka ba ajiyar akuya ya bar ƙofa a buɗe.

Isikeli ya same shi a gona da rana tsaka, zaune, fartanya a gefe.

"Kai, dubi fuskarka kamar an jiƙa biredi. Tavale, bar wahalar da kanka. Ga ayaba can ta yi duhu, shiga ciki ka ja biyu, ka tauna ganyen lemo. Wa zai sani? Ni dai makaho ne."

"Kai da bakinka ya fi lali ƙara?"

"Na rantse ba zan faɗa ba. To, sai dai wa mutum ɗaya ko biyu."

"Na ba yaron nan Talatala hannuna," in ji Apisalome. "Ya dube ni ya yi murna. In sha a ɓoye, in zo in kama sandunan ubana da hannu mai ƙanshin lemo? Ƙanwarka ma sai ta taso ta mare ni."

Isikeli ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Za ta iya kuwa."

Ran Juma'a da la'asar Apisalome ya tono saiwar kava mafi girma a gonarsa, wato saiwar da ake dakawa a jiƙa a sha a taron manya, ya wanke, ya ɗaure, don ba a zuwa wa babba da babbar magana hannu banza. Ya sauko da sandunan ya naɗe a sabon ƙyalle. Ya shiga gidan Talatala a sunkuye, ya zauna ta bakin ƙofa, ya tura saiwar gaba, ya tafa hannu a hankali kamar yadda ake yi. Talatala ya karɓa, ya tafa shi ma, amma idonsa yana kan ƙyallen.

"Tukai, me ke cikin wannan?"

Apisalome ya buɗe. Ya kwance agogon ya ajiye kusa da sandunan. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa: dutsen, da gidajen, da jerin, da yadda abin ya tsinke. Ya daɗe yana magana, yana tsayawa yana neman kalma, Talatala bai katse shi ba.

"Amma Tukai," in ji Talatala daga baya, "ai ba hayaƙi ne yake kai addu'a sama ba."

"Na sani, Talatala. Ba kai ta take yi ba. Zaunar da ni take yi. Ni kamar godiyar nan tawa nake, in ba a ɗaure ta a turke ba, ba ta cin ciyawar gabanta, sai ta yi ta yawo."

"A nemi wani turken mana. Mu zauna tare, ni da kai, in koya maka."

"Kai kana da wa'azi a ka a lokacin. Kuma na gwada, ɗana. Wataƙila da ina da shekarunka da na koya. Itacen ya riga ya bushe a karkace."

Talatala ya sunkuyar da kai. "Za ta ci ƙirjinka. Na gaya maka abin da na gani."

"Ban ce tana da kirki ba. Ban kuma zo in ce ka lanƙwasa mini doka ba, in ka yi wa ɗaya sai ka yi wa goma, dokar kuma mai kyau ce, samarin nan gara kada su fara. Kuma kada in yi maka ƙarya a gidanka: ba don addu'a kaɗai ba ne. Ina son abar. Ina jin daɗinta, ina gode wa wanda ya halicci ganyen. In laifi ne, zan je in amsa da bakina. Amma lali kowa zai iya kaɗawa, ga agogo. Josaia ɗan Isikeli yana da hannu, bai taɓa shan taba ba, kuma jininmu ne ta wajen uwa. Jerin nan kuwa, in ban yi ba, ban san wanda zai yi ba."

Talatala ya daɗe yana duban sandunan. Ya sa yatsa ya shafa inda hannu ya cinye itacen.

"Na zo in raba ka da taba," ya ce a hankali, "sai ga shi na raba ka da lali."

"Ba kai ka raba ba. Ni na zaɓa."

Asabar ya jingina tsani ya sauko da gammon da gwangwanin. Ɓawon lemun ya bushe ƙayau, ya sa sabo. Ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafafu ya naɗa.

Da safiyar Lahadi bai je gindin mangwaro ba, don filin majami'a ne. Ya ɗaura baƙin zanensa ya zauna a dokin ƙofarsa, inda ake ganin gidajen ta wani gefen. Sai lalin farko ya tashi daga hannun Josaia. Tun yana saurayi bai taɓa jin kiɗan nan daga nesa ba. Ashe haka yake dukan tudu ya dawo. Yaron yana ɗan sauri a ƙarshe, amma hannun yana da nauyi, ba laifi. Apisalome ya duba sai ya ga wuyan hannunsa yana motsi a kan gwiwa shi kaɗai. Ya danne shi. Sannan ya ɗauki garwashi.

Zuƙar farko ta sa shi tari har da hawaye. Ta biyu ta zauna. Laka, rana, lemun tsami. Ya dubi gidan mai gari, sunayen suka taho da kansu kamar shanu sun ga ƙofar garke. Da ya iso gidan Venina ya daɗe a wurin, ya ambaci yaron har sau biyu, ya biya bashin makonnin da suka wuce.

Yana cikin haka Talatala ya ɓullo daga wajen wani mara lafiya, Littafi Mai Tsarki a hammata. Ya hango hayaƙin, ya rage tafiya. Sai ya zagaya ta inda iska take fitowa, ya tsaya nesa kaɗan.

"Tukai, ina aka kai?"

"Gidan Isikeli. Nan ana daɗewa, aikin da yawa."

Talatala ya yi murmushi, ya yi kamar zai wuce, ya kuma tsaya. "Gidana yana ciki?"

"Tun ranar da ka sauka daga dokin nan ta wajen wutsiya. Kana can kusa da ƙarshe, inda wuta take cin yatsa."

"To, in ka iso, ka sa uwata. Tana can ita kaɗai tun rasuwar babana. Salanieta."

"Salanieta," in ji Apisalome, ya gyaɗa kai. "Je ka, kada ka makara. Mai lalin yanzu ba ya jiran kowa."

Kuma bai jira ba. Lali na biyu ya tashi saura gida biyu, don tsayawar da ya yi a gidan Venina ta ci lokaci. Ƙafarsa ta yunƙura za ta tashi, ya mayar da ita. Ya ga fararen riguna suna shiga, fili ya zama wayam, waƙar farko ta taso, muryoyin maza a ƙasa kamar kogi ya kawo. Ya zuƙa. Ga Talatala, ga Salanieta. Wuta ta lashi yatsunsa. Ga Torika da yaranta. Ga Makelesi, na gode. Ya murje guntun a dokin ƙofa, ya kurkure baki, ya ɗingisa ya tsallaka filin.

Ranar ce ta farko a rayuwarsa da ya shiga sujada a makare. Wurinsa na gaba Josaia ne a ciki, sai ya zauna a tabarmar baya ta bakin ƙofa, wurin masu latti da masu gyangyaɗi. Isikeli ya matsa masa ba tare da ya ɗaga ido daga littafin waƙa ba, wanda ma a juye yake riƙe da shi.

"Sannu da zuwa unguwarmu, tavale," ya raɗa. "Kana warin gidan ƙanwata."

A tabarmar nan ya zauna sauran Lahadin da Allah ya ba shi, wani lokaci kafin waƙa, sau da yawa bayanta. Tarin ya dawo, kamar yadda Talatala ya faɗa, kuma shi ne ya tafi da shi a ƙarshe, Talatala yana zaune a gefensa. Josaia ya kaɗa masa lalin, ɗaya-ɗaya, bai yi sauri ba. Gonar gaɓar kogi yanzu kabewa ake shukawa a ciki. Amma a dokin ƙofar tsohon gidan akwai wani baƙin tabo, ɗan zagaye, inda itacen ya ƙone ya lotsa kaɗan, kuma Torika ta hana a canza katakon.